Darasi A Kan Tumfafiya: Inda Take Tsira Da Masu Ci A Jikinta

  Darasinmu na wannan fitowa a kan wata shuka ce da babu wadda ba ta san ta ba a cikinmu, amma da wuya ki samu wadda ta taɓa tsayawa ta dube ta da kyau, wato tumfafiya. Duk wadda ta bi hanyar Gusau zuwa Tsafe, ko ta nufi Bungudu ta wajen Kwatarkwashi, ta gan ta a bakin titi, da gefen juji, da bayan makarantu, da tsofaffin filayen da aka yanka ba a gina ba. Tun muna yara abin da aka gaya mana a kanta guda ɗaya ne: kada ki taɓa, nononta yana makantarwa. Wannan gargaɗi yana da tushe, kuma za mu zo kansa. To amma kafin nan ya kamata mu san cewa akwai halittu da dama da abincinsu da makwancinsu suke jikin wannan shuka, musamman da rani, kuma wasu daga cikinsu su ne ke yi wa gonakinmu aikin da ba ma biyan su ko kwabo.

Kamanninta da inda take so

Masana tsirrai suna kiranta Calotropis procera, Larabawa su ce ushar, Yarbawa kuma bomubomu. 'Yar ƙasa ce, ba kawo ta aka yi ba kamar yadda aka kawo dogon yaro daga ƙasar Indiya. Asalinta nan Afirka ne da ƙasar Larabawa har zuwa kudancin Asiya. Tsawonta yakan kai mita 2 zuwa 4, wani lokaci ya wuce. Ganyenta faffaɗa ne mai kauri, kore mai toka-toka, kamar an barbaɗa masa gari. Wannan abin da ke kan ganyen wani irin kaki ne da ke hana ruwan jikinta tsotsewa da zafin rana.

Furen kuwa, don Allah in kin samu dama ki sunkuya ki dube shi, ba tare da kin tsinka ba. Yana fitowa ne a dunƙule, kowane ɗaya da kunnuwa biyar, fari ta waje, bakinsa ta ciki kuma shuɗi mai ja-ja kamar an tsoma shi a rini, ga wani ɗan kambi a tsakiya. Da a ce daga ƙasar waje aka shigo da shi a tukunya, da masu gidajen sama sun saya da tsada. Idan furen ya kama sai ya haifi ƙwallon nan kore mai kama da mangwaro, wanda yara ke takawa ya yi fus, domin mafi yawan cikinsa iska ce. A cikin kowane ƙwallo akwai iri ɗaruruwa, kowane iri da gashinsa fari mai santsi. Da ƙwallon ya bushe ya tsage, sai iska ta kwashe su ta watsa. Shi ya sa ba wanda ke shuka tumfafiya amma ko'ina akwai ta.

Abin da take so ba shi da yawa. Tana son rana tsantsa, ba ta yin kirki a ƙarƙashin inuwa. Tana son ƙasa mai yashi ko tsakuwa wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta. Saboda haka in kin sauka fadamun Gulbin Sakkwato, wanda ya ratsa Gusau da Bungudu, ba za ki gan ta a cikin laka inda ake shinkafa da rake ba, sai dai a kan tudu ko a tarin yashin da ruwa ya bari a gaɓa. Saiwarta doguwa ce, tana nitsawa ƙasa mita da dama ta nemo danshi. Wannan shi ne sirrinta. A nan wajenmu ruwan sama yakan sauka ne daga wajen watan Mayu zuwa farkon Oktoba, daga nan sai wata shida ko bakwai babu ko ɗigo. Tafasa da karkashi da rama duk sun bushe tun kaka, ciyawa ta zama ƙaiƙayi, amma tumfafiya tana nan kore shar, har da fure, a tsakiyar watan Maris da Afrilu lokacin da zafi ke hana barci.

Akwai kuma wani abu da manoma suka daɗe da lura da shi. Tumfafiya ba ta iya gasa da ciyawa mai ƙarfi. Inda ƙasa ke da rai, ciyawa ta rufe ta, ƙananan tsiron tumfafiya ba sa samun rana, sai su mutu. Inda take yawa shi ne inda aka noma ƙasa har ta gaji, ko dabbobi suka cinye ciyawar ƙarƙaf, ko aka kankare ƙasar aka yi bulo. Na taɓa raka wata tsohuwa gonarta a ƙasar Bungudu, ta tsaya ta dubi yadda tumfafiya ta yi layi a tsakiyar kunya, ta girgiza kai ta ce da ni, "Ɗiyata, wagga gona ta gaji, taki taka so." Gaskiya ta faɗa. Ba tumfafiyar ce ta kashe gonar ba, zuwa ta yi ta tarar da ita a mace. Don haka uwargida, idan maigida ya dawo yana ƙorafin ta cika masa gona, sare ta kaɗai ba zai gyara komai ba. Ko an sare ma tohowa take yi daga saiwa, sau da yawa da rassa fiye da na da. Maganin shi ne taki, da barin karan dawa da harawa su ruɓe a gona, da hutar da ƙasar in da hali.

Masu ci a jikinta

Mu fara da malam-buɗe-littafi. Akwai wani iri da kowa ya sani, mai fukafukai ruwan goro, gefensu baƙi da ɗigo-ɗigo fari, wanda a nan Afirka ta Yamma fukafukansa na baya suke da fari sosai. Ba ya sauri, tafiyarsa yake yi a hankali kamar mai jiran a gaishe shi. Masana suna kiransa Danaus chrysippus. Rayuwar wannan halitta a ɗaure take da tumfafiya da danginta masu nono. Macen takan zo ta ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya a bayan ganye, ƙanana kamar ƙwayar gero. Bayan kamar kwana 3 sai tsutsa ta fito, mai zane-zanen baƙi da fari da rawaya, da wasu siraran ƙahonni masu laushi guda shida a bayanta. Ita ce tsutsar da muke gani mu ce wa yara su nisance ta, alhali ba ta cizo ba ta harbi.

Ga inda abin mamakin yake. Nonon tumfafiya yana da danƙo, zai iya liƙe bakin ƙaramar tsutsa ta mutu. To kafin ta fara ci sai ta gatsa ganyen a kewaye, ta yanke jijiyoyin da ke kawo nonon, ta jira ya tsiyaye, sannan ta ci abin da ke cikin da'irar. In kin ga ganyen tumfafiya da ƙananan ramuka zagayayyu, aikinta ne. Ɗan dafin da ya rage a ganyen kuma ba ya kashe ta, tara shi take yi a jikinta. Bayan kamar mako biyu tana ci, sai ta rataye kanta ta zama wani ɗan ƙunshi kore mai ɗigon ruwan zinari, ta yi mako guda ko fiye a haka, sannan ƙunshin ya tsage malam-buɗe-littafi ya fito. Dafin nan yana nan a jikinsa. Tsuntsun da ya kama shi ya haɗiye zai yi amai, kuma ba zai sake kusantar mai irin wannan launi ba. Ke nan tafiyar ƙasaitar da yake yi ba banza ba, ya san ba mai taɓa shi. Har ma akwai macen wani irin malam-buɗe-littafin daban, wadda ba ta da dafi ko kaɗan, amma an halicce ta da launi irin nasa sak, tsuntsaye na ganin ta su kauce.

Mutane sun daɗe da sanin wannan halitta. A zanen bangon kabarin wani ma'aikacin Fir'auna mai suna Nebamun a ƙasar Masar, wanda aka yi fiye da shekara 3,300 da suka wuce, kuma yanzu yake ajiye a gidan tarihi na birnin Landan, an zana irin wannan malam-buɗe-littafi yana shawagi a cikin tsuntsaye.

Sai farar tumfafiya, mai ado da rawaya. Mu da muke soya fara mu ci da yaji mun san ita wannan ba a cin ta, kuma dalilin ɗaya ne da na tsutsar can: abin da ta ci ne ya zauna a jikinta. A ja wa yara kunne, kada su haɗa ta da farar da suke kamowa.

A kan sababbin rassa kuma za ki ga wasu ƙananan ƙwari rawaya sun yi cincirindo suna tsotson ruwan shukar. Su kuma abinci ne ga ɗan ƙwaron nan ja mai ɗigon baƙi a baya, da wasu ƙwarin masu farauta. Amfanin wannan shi ne, da rani mafarautan nan suna samun abin da za su rayu a kai, idan damina ta zo kuma su ne ke cin ƙwarin da ke addabar wake da dawa. Gizo-gizo na saƙa a tsakanin rassan, ƙadangare da hawainiya na zuwa farauta da shan inuwa. Ƙananan tsuntsayen nan masu dogon baki siriri da ke shan ruwan fure su ma suna ziyartar ta, kuma irin audugar da ke fita daga ƙwallon tana cikin abin da ƙananan tsuntsaye ke shimfiɗa wa ƙwansu a sheƙa.

Amma wanda ya fi shafar tukunyarmu shi ne ƙudan zuma da 'yan'uwansa. Kin san babban baƙin ƙudan nan mai ƙugi, wanda ke huda azara ko itacen rumfa ya yi gida a ciki? Shi ne babban abokin tumfafiya. Garin furenta ba a warwatse yake ba kamar na masara, a ƙulle yake cikin wasu 'yan jakunkuna, sai ƙwaro mai ƙarfi ne zai iya fizgo su da ƙafarsa ya kai wa wani furen. Ladansa shi ne ruwan zaƙin da ke cikin furen. Ƙudan zuma na amya shi ma yana zuwa sha. Yanzu ki tuna da abin da muka faɗa a baya, cewa tumfafiya na fure a lokacin da kusan duk ƙananan tsirrai suka bushe. Ga waɗannan ƙudaje ita ce rumbun da ke taimaka musu su kai damina.

To me ya dame mu da su kai damina? Ki dubi kabewar da kika shuka a bayan ɗaki. Furenta iri biyu ne, namiji da mace, kuma dabam-dabam suke. In ƙuda bai ɗauko gari daga namijin ya kai wa macen ba, ɗan ƙwallon da ke gindin furen zai yi rawaya ya faɗi. Haka kankana take, haka agushi. Mata da yawa sukan ce kabewarsu ta yi yaɗo ta yi fure amma ta ƙi 'ya'ya, har a fara zargin baki ko ido, alhali wani lokaci ƙudan ne babu. Hatta auduga da riɗi, waɗanda suke iya kamawa da kansu, sun fi yin albarka in ƙudaje na ziyartar su. A wani bincike da aka yi a ƙasar Burkina Faso aka buga a shekarar 2017, an rufe furannin auduga da na riɗi don kada ƙudaje su kai gare su, sai amfanin audugar ya ragu da kashi 37 cikin ɗari, na riɗin kuma da kashi 59 cikin ɗari. Ƙasarsu da yanayinsu kusan irin namu ne. Ga jihar da take alfahari da noma, kuma garin Gusau da aka san shi da cinikin auduga tun zamanin da jirgin ƙasa ya iso, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Wasu ƙasashen sun riga sun ga abin da ke biyo baya. A Amurka akwai ɗan'uwan wannan malam-buɗe-littafi namu, wanda ke yin hijira duk shekara daga Kanada da arewacin Amurka zuwa duwatsun ƙasar Meziko, tafiyar da takan kai kilomita 4,000. Shi ma tsutsarsa ba ta cin komai sai wata shuka mai nono, dangin tumfafiya. Daga ƙarshen shekarun 1990 manoman masara da waken soya suka dage da feshin maganin ciyawa, shukar ta ɓace daga gonaki, yawan malam-buɗe-littafin ya faɗi ƙwarai. Yanzu mutane ne ke sayen irinta suna shukawa a ƙofar gida da makarantu don su dawo da shi. Mu a nan ba mu kai can ba, tumfafiya ba ta yi ƙaranci ba. Sai dai kowa ya ga yadda jarkar feshi ta maye gurbin fartanya a gonaki da yawa, har gefen gona da kan iyaka ana bi ana fesawa. Ni a ganina feshin kan iyaka asarar kuɗi ce kawai, ba abin da ake shukawa a wurin, kuma nan ne mafakar ƙudajen.

A wani gefen kuma, kada a ce mun yabe ta fiye da kima. A ƙasashen da aka kai ta ba asalinta ba, kamar Ostireliya da Barazil, ta zama annoba a wuraren kiwo, ana kashe kuɗi wajen yaƙi da ita. A nan ma in ta yi yawa a makiyaya tana tare wuri, tunda dabbobi ba sa cin ɗanyen ganyenta, sai dai awaki da tumaki su tsinci busasshe da furen da ya zubo in rani ya yi tsanani.

Maganar nonon

Yanzu mu dawo kan gargaɗin iyayenmu. Nonon tumfafiya yana ɗauke da dafi mai taɓa zuciya, kuma yana ƙona fata mai laushi. Idan ya fantsama a ido, da farko za a ji zafi da hawaye, sannan zafin ya lafa, mutum ya ɗauka abin ya wuce. Bayan 'yan sa'o'i sai gani ya dushe kamar ana kallo ta cikin hazo, saboda gilashin gaban idon ya kumbura. Rashin zafin nan shi ke yaudarar iyaye su ƙi kai yaro asibiti.

Abin yi shi ne a wanke idon nan take da ruwa mai tsabta, mai yawa, a yi ta kwarara shi a buɗaɗɗen ido na kamar minti 15. Kada a murza. Kada a ɗiga nonon uwa, ko ruwan sukari, ko a sa kwalli, ko wani maganin ido da aka saya a kemis ba tare da likita ya duba ba. Daga nan a nufi asibiti a ranar, ba gobe ba, a gaya wa likita ƙarara cewa nonon tumfafiya ne. A Gusau akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. Waɗanda ke Tsafe da Bungudu su fara da babban asibitin garinsu, in da buƙata a tura su gaba. Galibi in an samu kulawa da wuri ganin yakan dawo cikin kwanaki ko 'yan makonni.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi, kuma mu mata ya fi shafa. Saƙonni suna yawo a WhatsApp da Facebook, ana cewa a dafa ganyen tumfafiya ko saiwarta a sha, ko a yi matsi da ita, wai tana maganin sanyi, da rashin haihuwa, da ciwon suga, da abubuwa barkatai. 'Yar'uwa, ki yi hattara. Gaskiya ne magabata sun yi amfani da ita a wasu magunguna, amma dafin da ke cikinta ba shi da ma'auni, na wannan shukar ya bambanta da na waccan. Yana sa amai da gudawa, yana hargitsa bugun zuciya, yana iya kisa. Ga mai juna biyu yana iya zubar da ciki tare da jefa ranta cikin haɗari, matsi da ita kuma yana ƙona gaba. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai ciwon zuciya ko hawan jini, da ƙananan yara, babu ruwansu da shan ta ta kowace fuska. Wata za ta ce ai Fulani na sa ganyenta a madara su yi cuku, wanda ake kira wara a ƙasar Yarbawa, wagashi a Jamhuriyar Binin. Haka ne, ruwan ganyen yana sa madara ta daskare. Amma ɗan kaɗan ake sawa a madara mai yawa, a dafa, a tsiyaye ruwan, kuma sana'a ce ta waɗanda suka gada. Wannan dabam, dafa tukunya guda a sha da kofi dabam.

Yadda za a zauna da ita

A cikin gida, ko ƙofar gida, ko filin makarantar Islamiyya inda yara ke wasa, ba wurin tumfafiya ba ne. A cire ta tun tana ƙarama, da damina lokacin da ƙasa ke da laushi, a tono har saiwar. Babba ne zai yi aikin, ba yaro ba. A sa leda a hannu, a kawar da fuska lokacin sara, in akwai tabarau a sa, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa ido ko abinci ko jariri.

A kan iyakar gona kuwa, da gefen lambu, da bayan gari inda ba ta tare wa kowa hanya, a bar 'yan guda biyu ko uku su tsaya. Idan ana tsoron ta bazu, sai a riƙa cire ƙwallayen tun suna kore kafin su tsage, a binne su. Ta haka furen na nan ga ƙudaje, ganyen na nan ga tsutsa, iri kuma bai watsu ba. In za a yi feshin maganin ƙwari a wake ko auduga, a roƙi maigida ya yi da yamma lis lokacin da ƙudaje suka koma gida, kuma ya tsallake kan iyakar. Busassun rassanta ma ba a rasa abin yi da su ba: ba su da nauyi, gara ba ta cika cin su ba, shi ya sa ake sa su a rufin bukka da danga, ɓawon kuma ana murza igiya da shi.

Yanzu da rashin tsaro ya sa shiga daji ya yi wuya a wurare da dama na ƙasar Tsafe da Bungudu, 'ya'yanmu da yawa sun taso ba su san sunayen itatuwa da tsirran da mu muka sani ba. Tumfafiya kuwa tana nan bayan gari, ba sai an yi nisa ba. Wata safiya in an yi hutu, ki ɗauki yaran ki kai su, ki riƙe hannun ƙaramin, ku tsaya taku biyu daga jikinta. Ki sa su nemo ganyen da ke da ramuka zagayayyu, su ƙirga ƙahonnin tsutsar da ido, su jira baƙin ƙudan nan ya zo su ga yadda yake sauka a kan furen. In an dace kuka ga ɗan ƙunshin nan kore a rataye, ku sa alama a wurin ku dawo bayan mako guda da sassafe.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, inda za mu duba karkashi.